Zaren Awon Maccido Tela

Maccido ɗan Ƙofar Kware ne, tela tun yana saurayi. Hannunsa ba laifi, amma bakinsa ya fi hannun aiki. Bai yarda da tef ɗin awo ba, balle rubutu a takarda. Idan mutum ya zo awo, sai ya yanko zare mai kauri, ya yi ƙulli a tsawon riga, ƙulli a kafaɗa, ƙulli a ƙugu, ya ɗaura guntun kwali mai sunan mutumin da ajami, ya rataye a ƙusa. Maigidansa ne ya koya masa haka, shi kuwa yana yi yana hura hanci kamar shi ya ƙago ɗinki.

Da kuɗin mai suka malalo, har irin su Maccido sun tsinci rabonsu. Wani kamfanin gina hanya ya ba shi kwangilar ɗinka wa leburori da direbobi kaki, wanda za su sa ranar da gwamnan soja zai buɗe sabuwar gada. Nan da nan ya kama shago a Sama Road, ya sayi babur, ya daina gaida mutane da suna. Aka kwaso ma'aikatan a mota, ya auna su, aka mai da su sansanoninsu can cikin daji.

Filibus, mai kula da siton kamfanin, ya zo ya tsaya yana kallon bangon nan da zare ya rufe.

"Malam Maccido, duk awon mutanenmu ke nan? In wani abu ya same shi fa?"

"Mi za ya same shi, Akawu? Ɓarawo za ya saci zare?"

"Ka yi na biyu, ka ajiye wani wuri daban. In ba haka ba, yadi ba zai fita daga sitona ba."

Maccido ya yi, yana tsaki, ba don ya ga hankali a maganar ba sai don yadin. Ya cusa zarurrukan a buhu. Ranar kasuwa ƙanensa Ladan, manomi, ya shigo daga ƙauye, sai ya jefa masa.

"Tahi da wanga ka aje mini."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. A ganinsa, mai kwangila ba ya tsayawa yi wa mutumin fadama bayani. Bai kuma sake tambayar buhun ba.

Wata Juma'a ya bar dutsen guga da garwashinsa a kan tebur ya tafi masallaci. Kafin a sauko, wuta ta kama shagon, bangon ya zama baƙi ƙirin, zaren ya zama toka. Yadin yana gida, bai taɓu ba. Mutane na yi masa jaje, shi kuwa yana gyara hula yana cewa ai mai dabara ba ya ajiya wuri guda, kamar daga kansa dabarar ta fito. Ya hau babur sai ƙauye.

Ya iske Ladan a fadama.

"Ina buhun da na ba ka?"

"Na zare, Yaya? Kai, Allah shi saka da alheri! Ban taɓa ganin zare mai ƙwari irinai ba. Ƙullin ne dai ya ba mu wuya, sai da mata sunka zauna suna kwancewa."

"Kwancewa? Don ubanwa?"

"To da mi za mu ɗinke buhunan albasa? Ai yanzu sun kai Ikko."

Har a lokacin akwai mafita. Da ya je ya faɗa wa Filibus gaskiya, da an ba shi mota ya zaga sansanonin ya sake awo. Amma wannan na nufin ya sunkuyar da kai gaban akawu, abin da Maccido ba zai iya ba. Ya ce idonsa ya isa, ya tuna kowa. Ya shimfiɗa yadin mutane ya yi ta yanka da ka.

Ranar buɗe gada aka jera ma'aikata a rana. Wani wandonsa bai wuce ƙwauri ba, wani ya riƙe nasa da hannu kada ya sauka. Wani ƙaton direba ya ɗaga hannu zai sara wa gwamna, rigar ta tsage daga hammata har ƙugu, 'yan kallo suka bushe da dariya. Manajan kamfanin bai ko nemi ganin Maccido ba. Takardar soke kwangila kawai ya aiko masa, ɗinkin makarantu da aka yi masa alkawari kuma aka ba wani.

Ya sai da babur, ya saki shagon, ya koma wata rumfa a Mabera yana facin wanduna. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha labarin yadda wuta da ɗan'uwa suka haɗu suka karya shi. Ladan ya turo dattawa sau da yawa a sasanta su. Maccido ya ce sai an biya shi zarensa.