Dillalin da ke yawo da bokiti

Da rana ta ɗan ɗaga za ka ji shi tun kafin ka gan shi. Bokitin ƙarfen da yake ɗaurewa a bayan kekensa ne ke ƙara duk ramin da ya faɗa. Yakan jingine keken a jikin rumfar dillalai, ya gaisa da kowa, ya zauna a ƙarshen benci inda inuwa ba ta cika kaiwa ba. Shagona na ɗinki yana kallon rumfar. Tun ina saurayi nake ganin wannan zama, yau ga furfura ta cika min gemu. Sunansa na yanka ma ya ɓace a bakin mutane, Baba Mai Bokiti yaro da babba ke ce masa. Abokan sana'arsa ne suka laƙaba masa don tsiya, shi kuwa ya amsa abinsa.

Dillalin gidaje ne. Na san abin da ya zo ranka da jin haka, kuma ban ga laifinka ba. Amma ka yi haƙuri ka ji wannan.

Duk wanda zai sayi gida karo na farko, tsoro ne fal cikinsa. Gumin shekarunsa ne ya ƙulle a hannu, ya san in ya zube ba zai sake taruwa ba. Shi ya sa tambayoyinsu ba sa canzawa, har na haddace su daga kan keken ɗinkina. Takardun gidan lafiya suke? Me ya sa mai shi zai sayar? Maƙwabta fa, mutanen kirki ne? Ana samun ruwa da wuta? Ba za a ɗan rage ba? A wajen sauran dillalan bencin nan amsa ɗaya ce ga dukansu: "Haba, ai ba matsala!" Ko tambayarsu ka yi ko gidan yana da rufi, ba matsala za su ce kafin su tuna.

Baba kuwa in ka ce masa takardu, sai ya ce, "Tashi mu je ofishin filaye, gani ya kori ji." In gidan gado ne, ba ya motsawa sai ya ji daga bakin kowane magaji, har da matan da aka saba tsallakewa. In ka ce maƙwabta, sai ya ce, "Wannan ba ni zan faɗa maka ba. Ka dawo kai kaɗai, ka zauna wajen mai shagon layin, ka sayi wani abu, ka yi shiru. Kafin ka tashi ka ji komai." Sannan ya kawo tambayar da sabon mai saye bai taɓa tunawa da ita ba: in an yi ruwan sama, ina ruwan gidan nan yake bi?

Nan bokitin ke shigowa. Zai cika shi taf, ya tsaya a tsakar gida, ya sheƙa shi a ƙasa, ya ce kowa ya zuba ido. In ruwan ya miƙe ya nufi magudana ya fice, sai ya gyaɗa kai. In ya tsaya yana dawurwura, ko ya lallaɓa ya nufi gindin bango, sai Baba ya tsuguna ya dafa bangon da tafin hannu. "Mai gida zai iya yi maka ƙarya, ni ma zan iya," yakan ce. "Ruwa ne bai iya ba."

Wata ma'aikaciyar jinya da nake wa ɗinki ita ta ba ni labarin nata da bakinta. Ta ga wani gida ya sha sabon fenti, ƙofofi na sheƙi, har ta gama zaɓar inda za ta sa gadon mahaifiyarta. Baba ya zuba bokitinsa. Ruwa ya juya wa magudana baya, ya tafi ya kwanta a gindin bangon ɗakin da ta zaɓa ɗin. Ya sa farce ya kankare fentin, sai ga danshi baƙi ƙirin.

"'Yata, kyan ɗan maciji ne," ya ce. "Ki bar shi."

Ta ce min a ranar ji ta yi kamar ta shaƙe shi. Har gori ta yi masa, wai baƙin ciki yake mata. Mai gidan kuwa bai bar zagin da bai yi masa ba, har titi ya biyo shi. Bayan 'yan kwanaki wani yaron dillali da ake kira Zaƙin-Baki ya sayar wa wani bawan Allah gidan. Damina na kankama bangon ɗakin ya zauna, ya zube. Allah ya tsare ba kowa a ciki. Ma'aikaciyar jinyar tana ba ni labarin tana share ido, ta ce, "Nan fa zan kwantar da Inna."

Ni ma ta hannunsa na sayi nawa. Bayan mun gama zagaye na yi masa tambayar da kowa ke ajiyewa sai ƙarshe, wadda ake yi da murya ƙasa-ƙasa: "Baba, tsakaninka da Allah, in kai ne za ka saya?" Ya ce, "Zan saya, amma sai na sauya katakon rufin kicin, gara ta fara ci." Na sauya. Cikin gidan na aurar da 'ya'yana, ban taɓa tara kwano a ƙarƙashin rufi ba.

To, me ya samu? Nan ne zuciyata ke tafasa. Masu gidaje suka gane shi, suka daina ba shi gida. Wa zai kira mutumin da zai tona masa asirin bango? Masu saye kuma, da yawansu su zo ya duba musu, su gode da baki, su zagaya ta baya su ƙulla ciniki da wani, la'ada ta tafi can. Yaran da suka zo bencin nan ba su san bambancin tubali da bulo ba, yau su ne da motoci, su ne da benaye. Zaƙin-Baki har hon yake masa in ya wuce shi a kan keke, ya leƙo ya ce, "Baba, yau ina za a yi wanka?" Ana ce mana alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ni dai na ga na Baba a ƙasa, ana bi ta kai.

Mutumin da ya shigar da rabin unguwar nan gidajensu, shi gidan haya yake. Ciki biyu da tsakar gida, nan ya yi aure, nan ya haifi 'yarsa tilo, nan shi da matarsa, da muke kira Goggo, suka tsufa. Mai gidan ya rasu bara, magada suka ce sayarwa za su yi. Ko kunya ba su ji ba, suka tsallake dillalin da ke kwana a cikin gidan suka miƙa wa Zaƙin-Baki.

Ranar da aka kawo masu saye ina gidan, na kai wa Baba rigarsa da na yi wa gyara. Wani matashin malamin makaranta ne da matarsa, da tsohon ciki tana tafiya da ƙyar. Kana ganinsu ka san gidan farko ne, sai taɓa bango suke suna kallon juna. Zaƙin-Baki na ta zuba, ba matsala, ba matsala, yana ƙoƙarin fitar da su kafin su lura da tsohon da ke zaune a kan tabarma. Sai matar ta hango bokitin a gindin famfo. Ta taɓa mijinta, suka ƙaraso suka durƙusa gaban Baba, ta ce:

"Baba, ashe kai ne. Yayata ta ce kada mu sayi gida sai mun ji ta bakinka."

Kowa a wurin ya san abin da ke ƙasa. In Baba ya ce gidan nan ba shi da kyau, magana ta ƙare, ba su kaɗai ba, ba mai sake kallonsa. Magada su gaji su bar shi ya ci gaba da zamansa. In kuma aka saya, ba shi da inda za shi sai wani ɗaki da surukinsa ya ce zai ba su aro, can nesa a bayan gari. Dattijo kamar wannan, a gidan mijin 'yarsa! Na ga Goggo ta matso bayansa kamar za ta ɗauki buta, na ji abin da ta raɗa masa: "Malam, ba ƙarya na ce ka yi ba. Ka yi shiru kawai." Wallahi ni ma abin da nake roƙo a raina ke nan. Ko tsaki ya ja, ko kai ya kaɗa, ya isa.

Baba ya dafa gwiwa ya miƙe, ya cika bokitin, ya sheƙa a tsakar gidan da ya share fiye da rabin rayuwarsa. Ruwa ya miƙe sak, ya shige magudana, ya fice. Yaya ba zai fice ba? Shi ya gyara gangaren da hannunsa, shi ke zare shara daga magudanar kafin kowace damina, a gidan da ba nasa ba.

Malamin ya juyo gare shi. "Baba, in kai ne za ka saya?"

"Ɗana, da ina da hali da ba ku same shi ba," ya ce. "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina kwana a nan tun ba a haife ka ba, ban san inda yake yoyo ba. Ku saya."

Goggo ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Zaƙin-Baki, wanda la'adar duka tasa ce, har da tafi: "Kun ji ko? Ai na faɗa muku ba matsala!" Na kalle shi, na rasa kalmar da zan faɗa da ba za ta ɓata min alwala ba. Baba kuwa yana can ya ja malamin gefe yana nuna masa inda ganye ke toshe magudana ta bayan kicin.

Baba, kai ne dillalin da bai taɓa sayar da biri a sama ba. Kai ne ka yabi gidan da za a fitar da kai daga cikinsa, don wata mai ciki ta samu inda za ta haihu bango bai zauna mata ba. Na so in ce duniya ta saka maka, amma ƙarya zan yi, kai kuma ba ka son ƙarya. Ba ta saka maka ba. Mu da muke barci ana ruwa ba mu farka ba, mun ci amanarka da mantuwa. Ranar da kuka kwashe kaya ma'aikaciyar jinyar nan ce ta kawo mota, malamin ya taya ɗauka yana sunkuyar da kai. Sauran da ka shigar gidajensu, ban ga ƙeyar kowa ba.

Mun gode, Baba. Allah ya ba Goggo haƙuri, ya gina maka inda ba magajin da zai tashe ka. Ku kuma da kuka san da hannunsa kuka samu inuwa, yana nan da ransa, hanyar gidan surukin nasa ba ɓoyayya ba ce. Kada ku jira sai ranar da za ku zo kuna cewa mutumin kirki ne.

Wurin ya yi masa nisa, gwiwa kuma ta ƙi keke, don haka ya bar bencin. Da zai tafi ya tsaya a shagona ya kwance bokitin ya ajiye min. Ya ce duk yaron dillalin da ya ga zai iya, in ba shi, kyauta. Na faɗa musu a rumfa, na sake faɗa. Yaran dillalai, har yanzu ina faɗa: ku zo ku ɗauka, bai fi ƙarfin ɗayanku ba.

Yana nan a ƙofar shagona. An yi ruwa shekaranjiya, ya cika shi taf, ba wanda ya zo.