Katin Lilon Kalgo

Maigidana ba mai magana ba ne. Ni kuwa na tashi ne da ƙananan littattafan soyayya da muke haya a kasuwar Gwandu, inda saurayi kan yi shafi uku yana yabon idon budurwa kafin ya nemi ruwan sha. Shi in miya ta yi masa daɗi sai ya miƙo kwano a ƙara, magana ta ƙare. A shekara ta biyu da aurenmu na daina jira.

Sai wata rana da kaka ya dawo daga Kalgo, inda yake aikin malamin gona, ya ajiye wani kati a gaban madubina. Kore ne mai sheƙi, da hoton ƙaton lilo mai zagaye kamar ƙafar keke, kwanduna na rataye a jikinsa. An rubuta: na mutum biyu, shekara guda. An buɗe wani wurin shaƙatawa ne a bakin hanyar Kalgo, masu wurin suka bi ofisoshi suna talla. Na san ba mamaki nauyin mai tallan ya ji ya saya. Duk da haka na ɗauki katin a matsayin wasiƙar da bai taɓa rubuta mini ba, na ɓoye shi a tsakiyar littafin da na fi so. Abu ɗaya nake so: mu zauna kwando ɗaya, a ɗaga mu sama inda babu surukai babu maƙwabta, in ji ko a can bakinsa zai buɗe.

Zuwanmu na farko mota biyu muka hau. Na sa leshina mai ruwan zuma, na yi lalle. Mai ƙofa ya juya katin gaba da baya ya ce, “Malam, kun kama wuri ta waya?”

“Wane wuri? Ga kati.”

“Masu kati sai sun kira kwana uku kahin su zo. Masu biya nan take su ka shiga kai tsaye.”

Muna tsaye mutane suna wuce mu suna shiga. Maigidana ya ce mai kati ba ya sayen tikiti, hakan wauta ce. Muka sha rake a bakin titi muka koma gida.

Daga nan na shiga bautar waya. Lambar da ke bayan katin ko dai a kashe take, ko ta yi ta ƙara har ta gaji. In an ɗauka, wata murya mai barci ta ce Asabar ta cika. Na sa rai da ƙaramar Sallah, sai na ga wani ɗan rubutu a ƙasan katin, ƙanana kamar ƙwan kwarkwata, cewa ba ya aiki a makon Sallah. Da damina muka samu shiga sau ɗaya, muka tarar da lilon a tsaye, tsuntsaye sun yi sheƙa a kwando guda. Mai kula da shi ya ce ba a tada babban janareta sai jama’a sun taru, jama’a kuwa ba sa taruwa sai da Sallah. Aka kai mu ganin ruwa mai rawa, wanda aka ce yana tashi yana bin kiɗa. Kiɗan ya zo. Ruwan ya yi tari sau biyu, ya fesa wa na gaba laka, ya kwanta.

Kowace safiya in na buɗe littafin nan sai in ƙirga watannin da suka rage. Ba ni da wanda zan faɗa wa. Wa zai ji matar aure tana kukan lilo bai yi mata dariya ba?

Asabar ta ƙarshe kafin katin ya mutu, ikon Allah, aka ɗauki wayata. Da muka isa muka tarar da wurin maƙil. Ashe duk mako guda aka sayar da katunan, duk mako guda za su mutu, kowa ya zo ya ci nasa. Janareta na ruri, lilo na juyawa. Zuciyata ta riƙa bugawa kamar ta amarya.

Da layi ya zo kanmu, mai lilo ya sa hannu tsakanina da mijina.

“Mata nan, maza can.”

Na ce a hankali, “Maigidana ne.”

“Hajiya, nan ba mu duba takardar aure. Dattawan gari sun ce maza daban, mata daban. In na bar ki, waccan ma ta ce nata ne.”

Na dubi Malam ko zai ce wani abu. Ya ce, “Tahi, ina nan bayanki.”

Aka sa ni kwando ɗaya da wata malamar makaranta, babbar mace, Kirista ’yar ƙasar Zuru, da lema a hannu. Shi kuma sai da aka juya lilon rabi aka sa shi da wasu maza biyu a kwandon da ke daura da namu, don nauyi ya daidaita. Ya zama in ina sama yana ƙasa.

Zagaye ɗaya muka yi. A na biyu, muna kaiwa ƙololuwa, janareta ya yi wani gurnani ya mutu. Kwandon ya yi gaba ya yi baya ya tsaya.

Malamar ta buɗe lemarta kamar dama ta shirya. “Ƙanwata, kada ki ji tsoro. Yau dai mun ci katinmu. Na ƙasa su suka yi asara.”

Ban iya dariya ba. Rana ta doki ƙarfen har ba ya taɓuwa. Ga fadama shimfiɗe, shinkafa ta nuna ta yi ruwan zinariya, ga rufin kwanon Kalgo na walƙiya, duk abin da na yi shekara ina mafarki, amma ba shi a gefena. Kwandon bai fi tabarmar salla faɗi ba. Ba tashi, ba miƙe ƙafa. Na leƙa ƙasa, hularsa kawai nake gani, ƙarama kamar murfin kwalba.

Mazan da ke tare da shi suka ga ƙasa kusa, suka dire. Lilon ya girgiza, muka yi wani mugun lilo, malamar ta kira Yesu, ni na kama salati. Mai lilo ya kwarma ihu: “Kada kowa ya sake hita! In ƙasa ya yi sauƙi na sama za su rikito da gudu!” Ya roƙi mazan su koma, suka ce ba da su ba. Hular nan dai ba ta motsa ba. Aka kinkimo buhunan yashi aka jibga kusa da shi.

“Wancan mai farar hula naki ne?” in ji malamar.

Na ce eh.

“To ki riƙe shi. Nawa da tuni yana wurin mai tsire.”

Mun fi awa a sama kafin suka haƙura da janareta, suka ɗaura igiya, majiya ƙarfi suka shiga juya lilon da hannu. Muna sauka kaɗan-kaɗan, shi yana hawa. A tsakiya muka yi daidai, faɗin lilon ne kawai tsakaninmu, na ga fuskarsa. Idonsa a rufe gam, hannu biyu ya ƙanƙame ƙarfe, leɓensa na motsi, gumi ya jiƙa masa riga. Nan na tuna cewa mutumin nan ko tsani ba ya hawa. Rufinmu ya yi yoyo damina guda yana cewa magini zai zo.

Na manta da jama’a na ce, “Malam!”

Ya buɗe ido ɗaya. “Riƙe da kyau!” ya ce, ya mayar ya rufe.

Da muka taɓa ƙasa aka fitar da mu, aka zuba yashi a madadinmu. Masu jan igiya suka ce sai sun huta sun yi la’asar. Ya zama shi ne a ƙololuwa, shi da buhunansa. Na tsaya a ƙarƙashinsa cikin rana, malamar ta riƙe mini lema, har aka sauko da shi.

Bai ce komai ba a kan abin da ya faru. A mota ya zauna gaba, ni baya cikin mata. Da muka wuce Ambursa ya waiwayo ya tambaye ni ko akwai sauran tuwon jiya.

Bayan mako guda na tarar da sabon kati a gaban madubi, na mutum biyu, shekara guda. Na zauna bakin gado da shi a hannu na rasa abin yi. A ganinsa ban samu abin da nake so ba, dole a koma. Ni kuma in na ce na fasa, sai na faɗi dalili, kuma ba zan iya ce wa mijina na ga tsoronsa ba.

Yana nan cikin littafin, a shafin da na farkon ya zauna. Duk Laraba in zai fita yakan tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula, bai dube ni ba, ya ce, “Kin kira mutanen nan?”

In ce, “Ba su ɗauka.”

Ya ce, “To, a sake gwadawa.”

Wata uku ke nan ban kira ba.