Tulun da Na Ciro Daga Wuta

Da can, in ka shiga kasuwar Gwaram, jerin tukwane ne ke fara tarbarka. Yanzu robobi ne, shuɗi da ja. Yayata da ke aure a Dingaya tana cikin maginan da suka rage. Da hannu take gini, tana zagaya yumɓun a sunkuye har tulu ya tashi. In ta jera kayanta a matoya ta lulluɓe da kara da kashin shanu, ba ta sake taɓa su sai toka ta huce don kanta.

Ni kuwa aiki ya kai ni ƙasashe. A Japan na ga wani gashin kayan yumɓu da suke kira raku. Da awartaki ake ciro kwano yana jajir, a tura shi cikin dusar katako, hayaƙi ya zana masa abin da ya ga dama. Mai ginin ma bai san me zai fito ba. Tabon wutar da mu muke juyawa bango, su shi suke nema.

Bayan na ajiye aiki na zauna a Birnin Kudu, na je wurin Yaya na tarar ta gina tulu na ɗakin jikarta da za a aurar. Yatsunta sun kumbura da sanyin ƙashi, ta daɗe tana lallaɓa shi.

Na ce, "Yaya, bari in nuna miki yadda ake yi a can."

"A can da ƙasarmu suke ginin?"

"Ƙasa ai ƙasa ce."

"To, Alhaji. Kai ka ga duniya."

Ba ta taɓa ce mini Alhaji ba. Da sunan da ta raɗa mini tun ina goye a bayanta take kirana. Na ji, amma ban fasa ba.

Ranar gashi na aro awartakin maƙeri, na kamo wuyan tulun daga cikin wuta yana ja, na nufi tarin ƙaiƙayi. Iska na bugunsa ya yi 'yar ƙara kamar an karya kara, gindin ya faɗi a gabana. Sai a lokacin na tuna, su can haɗi na musamman suke yi wa yumɓunsu don ya jure. An gaya mini a can, ina ta ɗaukar hoto.

Da ya huce ta ɗauki tsingaro ɗaya, ta jujjuya shi. "Launin kam ya yi kyau," in ji ta.

Jarkar roba aka kai wa amarya, ni na sayo. Yaya ba ta ƙara jiƙa yumɓu ba, kuma tun daga ranar Alhaji take ce mini.