Ranar da Kaka ta ɗaure furotin ɗinmu a bakin zane

Kwalbar ta tsira, jama'a, ƙanƙarar ce aka shanye da hura! Wannan rana ba za ta fita kaina ba har abada.

Lokacin ina istaj, wato koyon aiki, a wani labo a Yamai, inda ake binciken ciwon daji. Malaminmu ya aike ni Damagaram in karɓo wata 'yar kwalba da aka kawo mashi daga waje. Furotin ne mai suna intalukin, ba shi son zafi ko kaɗan, kuma duk aikin memuwar ɗina, kundin gama karatu, a kanshi ya rataya. Na jera ƙanƙarar leda cikin kula, na sa kwalbar a tsakiya. Da motar ta iso Tasawa sai zumuɗi ya ɗebe ni, na hau kabu-kabu zuwa Korgom in gaida gida.

To a gidanmu, wanda ya dawo daga tafiya ba shi ke buɗe kayanshi ba, Kaka ce ke raba tsaraba. Na aje kula na tafi salla. Ina dawowa na tarar kowa da ludayi, hura ta yi sanyi ƙarara, ana sa mani albarka. Kula wayam!

"Kaka, ina kwalbar?"

Ta dafa ƙullin bakin zanenta. "Turaren? Ai na amarya ne. Miji marowaci, ɗan wannan ka iya sayo mani?"

"Tsohuwa, ba turare ba ne, wallahi ki rufa mani asiri!"

"Sai ka faɗa mani ko mene ne."

Zufa na karyo mani, na hau bayani. Na ce cikin jininmu akwai sojoji, wannan abin shi ke tada su su far ma ciwon daji. A labo muke zuba ma ƙwayoyin jini shi mu ga yadda za su yi.

"Jikin wa aka tatso shi?"

"Ba kowa. Umarnin yin shi ake ɗauka daga jikin mutum a sa ma ƙananan ƙwayoyin cuta, su ke ƙera shi."

Ta riƙe haɓa. "Cuta ce ke yi ma mutum ƙodago? Me kuke ba ta ta ci?"

Ni ina ƙonewa, ita tana jin daɗin hira! Sai da ta gama tambayoyinta tsaf ta kwance ƙullin, ta ce in ruga kar sojojin su gaji da jira. Ni da ɗan kabu-kabu muka tsula gudu a moto har Tasawa, na cika kula da sabuwar ƙanƙara.

Allah Ya so furotin ɗin busasshen gari ne, ɗumin bai kashe shi ba. Da na koma Yamai muka gwada, ƙwayoyin jinin suka yi ta hayayyafa, na yi tsalle cikin labo kamar zararre.

Abin da na koya: in za ka shiga gida da kayan boko, ka yi ma mutanen gida bayani tun daga zaure. Suna son sani, mu ne ba mu faɗa masu. Don Allah ku tura ma 'yan lakwal ɗinku, wato 'yan makaranta, su karanta.