Ƙodar da Ban Ba Sajida Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran ɗiyata Sajida a nan Libreville. Shekarunta ashirin da huɗu, biyun ƙarshe a kan injin wankin ƙoda ta yi su.

Sajida, ga babanki ya ɗauki biro. Kin san aji huɗu na yi aka sallame ni, malamin ma ya huta. Ke ce mai gyara mini rubutu, yau sai dai a karanta haka nan.

Tun kina ƙarama kike cika mini takardun taksi, ba ki taɓa tona ni gaban direbobi ba. Da ciwon ya zo, in na ɗauko ki daga unguwarmu Lalala zuwa wankin ƙoda, ke kike ba ni haƙuri a hanya, kamar ni za a soka wa allura.

Ranar da aka ce jininmu ya dace, zan iya ba ki ƙoda, har rawa na taka gaban likita. Na bar goro, na bar gishiri. Sai aka ɗauki hoton cikina. Likita ya ɗaga shi, ya duba. Ya ce yawancin mutane jijiyar jini ɗaya ce ke shiga kowace ƙoda, ita ake yankewa a ɗinke a jikin mara lafiya. A hotona kuwa uku ne a hagu, biyu a dama, sirara. Ba cuta ba ce, halitta ce. Amma kowace sai an ɗinke ta, in ɗaya ta toshe, ɓangaren da take shayarwa ya mutu. Sai dai a nemi likitan waje da zai yarda.

Kika ce, "Baba, har a cikinka ba ka bin babban titi, sai lungu?" Muka yi dariya. Na fita na zauna a mota, na kasa tayar da ita.

Wata bakwai hoton nan yana gaban motata. Duk fasinjan da na gani da tabarau sai na miƙa masa, ko likita ne. Wata mata a unguwar Glass ta riƙe shi a juye, ta ce Allah Ya raya jaririn. Na ba ki labari, kika yi dariya har da tari. Iyakar abin da na iya yi miki ke nan.

Kwana biyar da binne ki likita ya kira. Likitocin wajen sun duba hoton, sun ce za su iya, mu shirya fasfo. Na ce na gode.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa jinyar ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinki. Hawaou, mahaifiyarki, da ƙaninki Idrisa, Allah Ya ba ku haƙurin da ni ban samu ba tukuna. Ni kuwa likita ya ce ƙodar nan biyu lafiya lau, za su kai ni casa'in. Ban san me zan yi da su ba.

Abdulƙahar, direban taksi, Lalala