Faransancin Kawu Saba

A bakin Gwaggo na fara jin sunan, ranar da na dawo hutu daga makaranta. Tana shanya ta ɗaga murya ta ce, "Ku kai wa Saba shayinsa kafin ya huce." Na waiga ina neman baƙo, ashe mijinta take nufi, Kawu mai gyaran agogo. Ina rubuta wannan ne don kada ƙannena su taso su ɗauka sunansa ne na yanka.

Kawu mutum ne da ba ya jure latti. Agogo ya kuskura ya yi jinkiri, nan take zai kwance masa ciki. Sai Allah ya jarrabe shi da intanet ɗin gidansa. Babbar 'yarsa tana aure can nesa, ta haifi mace, kuma ta waya kaɗai yake ganin jikar. Da ya ce, "Ina amaryata?" sai hoto ya daskare, yarinya baki buɗe, ido ɗaya a rufe. An ɗora akwatin intanet a kan firij, an rataye shi a taga, an ɗaure shi a jikin tsani, duk a banza. Ga yarinya ta soma dafa bango tana miƙewa, shi kuwa ya ci alwashin sai ya ga takunta na farko da idonsa.

Layin koke na kamfanin kuwa da Faransanci kawai ake amsawa. Kawu ya tafi wurin maƙwabcinsa, tsohon direban babbar mota da ya sha yawon ƙasashe, ya ce a koya masa Faransancin faɗa. Ya haddace yadda ake cewa saurin da aka yi masa alkawari daban, wanda ke shigowa gidansa daban, hoto yana tsayawa, murya tana yankewa. Kullum da hantsi sai ya kara ludayi a kunne, ya tsare Gwaggo a bakin kicin yana zazzaga mata.

"Malam," in ji ta, "ni dai ban tare maka komai ba. Ba ni ludayina."

Ranar kira aka taru a falo. Kawu ya gyara hula, ya haɗe rai. Wata yarinya mai sanyin murya ta ɗauka, ta gaishe shi, ta ce, "Sa ba?" wato ko komai lafiya. Kawu kuwa tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa amsa gaisuwa da ƙorafi ba.

"Sa ba, sa ba," ya ce, fuska ta sake. Ya tambaye ta aiki, ya tambaye ta iyaye. Ta ce ko akwai matsala? Ya dubi akwatin, ya dubi silin, ya yi mata godiya ya ajiye waya.

"Ka gaya mata?" in ji Gwaggo.

"Haba! 'Yar mutane mai ladabi haka? Ita ta ja wayar?"

Ya sake kira, ya kuma sakewa, kullum a "sa ba" ake rabuwa. Direba ya ce bai taɓa asarar ilimi irin wannan ba, Gwaggo kuwa ta raɗa masa suna.

Wata safiya ina zaune kusa da shi 'yarsa ta kira. Jikar ta saki kujera, ta ɗaga ƙafa ɗaya, hoto ya tsaya. Kawu ya girgiza waya, ya ɗaga ta sama. Ko da hoto ya dawo, tana bakin ƙofa, uwarta na tafa mata.

Kawu ya sauke hannu. Can ya miƙo mini wayar.

"'Yata, gobe ki je wurin direba ya koya miki. Amma don Allah ki ce masa ya tsallake gaisuwa. Kin ga uwarta na da wani cikin, wannan karon ba na so a yi tafiya ba ni."