Ramar Hajara da awa huɗu a filin jirgin Dubai

Ɗambatta zuwa Kano

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na fito da akwati ɗaya. Takalma nake sayarwa, kuma sai da na kai hamsin da biyu kafin ƙafata ta taka jirgi. Sari ne ya fitar da ni, amma akwai saƙo. Hajara, 'yar yayata da ke aure a unguwar Abu Hail a Dubai, tana da ciki wata biyar, kullum kuka a waya ita kwaɗon rama take so, ɗanya, ba busasshiya ba. Matata Lami ta yanko a bayan gida, ta naɗe da jarida, ta sa a baƙar leda biyu, ta lafta salatif, ta cusa cikin takalmin sallata wai kada kaya su danne ta.

Direba ya dubi akwatin ya ce, "Alhaji, Dubai da wannan kawai?" Na ce, "Ban je Makka ba tukuna, ja mota." Bakwai saura kwata muna Kano.

Ina zaman jiran jirgi ƙanena Sabi'u ya fara turo hotuna. Shi ne wanda Baba ya bari a makaranta, ni aka cire ni a aji biyu na sakandare na tsare rumfa. Digiri biyu a kan noma, yanzu yana Kanada a wata gona da gwamnati ta ba lasisin noman wiwi. Ya kira yana ta zuba: "Yaya, wannan shukar aure aka haɗa tsakanin iri biyu. Uwar gajeriya ce mai faɗin ganye daga ƙasar duwatsu, uban dogo mai siririn ganye daga ƙasar zafi. 'Yar tasu ba ta tsoron sanyi, tana nuna kafin ƙanƙara ta sauko, ga ƙamshi kamar lemon tsami."

Na ce, "Sabi'u, duk kuɗin makarantar nan, ka ƙare a abin da ake sha bayan tasha?" Ya yi dariya ya ce magani ake yi da ita. Hotunan ban goge ba, don ban iya ba.

Addis Ababa

Mun tashi ɗaya da rabi, muka kwana a Addis a otal ɗin kamfanin jirgi. Sanyi kamar ana bin ka bashin rai. Abinci kuwa wata faffaɗar waina mai tsami, ka rantse tawul aka jiƙa. Na ci, yunwa ba ta san ƙasa ba. Goma na safe muka sake tashi.

Dubai

Uku da minti goma muka sauka. Akwatina ya shiga na'ura ya fito, wani jami'i cikin farar riga ya ɗaga yatsa. Ya buɗe, ya zaro takalmi, ya zaro leda. Sai da ya sa almakashi, don ɗaurin Lami ba ya kwantuwa da hannu. Ramar ta kwana biyu a rufe, ta yi laushi, ta yi duhu. Ya ɗaga ganye ɗaya ya baje a tafin hannu, ya dube ni.

Na ce, "Rama." Ya ce in biyo shi.

A wani ɗaki aka kawo tafinta, wani mutumin Maraɗi, Malam Isufu. Ya ce, "Baba, suna son ganin wayarka." Na miƙa da ƙarfin gwiwata. Abu na farko da ya fito shi ne Sabi'u cikin hular sanyi, ya rungume 'yar aurensa, shukar wiwin nan, yana washe baki.

Jami'in ya ajiye ganyen Lami kusa da hoton. Jama'a, shekara hamsin ina cin rama ban taɓa kallonta ba sai ranar. Yatsu a baje, gefe kamar zarto, komai iri ɗaya. Da ni ne jami'in, da tuni na rufe ni.

Malam Isufu ya sassauta murya. "Baba, a nan ba a wasa da wiwi. In ita ce, gidan yari ne, sannan kora. Ka faɗa min gaskiya."

"Miya ce, ɗan'uwa! Ga ƙuli-ƙuli nan a ɗaya takalmin. A ba ni kwano da gishiri in kwaɗa ta in cinye a gabansu."

Ya fassara. Jami'in ya danne dariya, ya ce ba a cin shaida. Suka tafi da ita awo.

Na zauna. Ba su zage ni ba, har shayi aka ba ni. Gidan yarin ma bai dame ni kamar majalisar ƙofar masallacinmu ba: Malam Ado mai takalma, wanda ke korar yara in sun kunna sigari, an kama shi da wiwi a takalmin idi. Wa zai auri 'ya'yana?

Bakwai da minti ashirin jami'in ya dawo da ledar. Ya ce, "Khalas, habibi. Salad." Malam Isufu ya ce, "Wai shi ke nan, ganyen ci ne. Kuma ka gaida mai ɗaurin."

Abu Hail

Nura, mijin Hajara, yana waje tun uku, ya yi zuru-zuru. Minti ashirin muka isa flat ɗinsu, hawa na uku. Na ajiye ledar a gabanta kamar mai kawo lambar yabo. Ta buɗe, ta shinshina, ta toshe baki ta ruga bayi. Daga can ta ce, "Kawu, yi haƙuri, ai tun makon jiya ko warinta ba na so. Ɗanwake nake so yanzu."

Na shiga kicin na dafa ramar, na daka ƙuli, na yanka albasa. Na tura wa Nura kwanon.

"Kawu, inshallah anjima, shwaiya shwaiya." Wai a hankali, da Larabci.

"Yanzu. Cikin ai naka ne. Ka ga ganyen nan? Ya fi ka shiga ofis a ƙasar nan."

Ya cinye har da suɗe hannu.

Kwana huɗu na yi ina sari a kasuwar Murshid Bazaar, na ba da kaya cargo. Nura ya riga ni kai labari, duk shagon da na shiga sai in ji, "Yalla, ga Kawu Mai Ganye!"

Gida

Ranar Laraba, la'asar sakaliya, na shigo Ɗambatta. Ban cire takalmi ba Sabi'u ya kira: "Yaya, ni da nake nomanta ko sau ɗaya ba a tsare ni ba. Kai da miya!" Na kashe wayar, na ba 'yata ta goge hotunansa duka, har hular.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da sunana, na gode wa Malam Isufu. Lami ma na isar mata da gaisuwar jami'i. Ta ce madalla, ta ajiye min abinci. Na buɗe kwano, kwaɗon rama ne.